WANE NE JARUMI?

Jawabin malamin CM2 ranar rabon kyaututtukan gasar rubutu ta ƴan lakwal



Mai girma Maigari, Malam Liman, shugaban ƙungiyarmu da ƴan biro, iyayena maza da mata, ƴan uwana malamai, da ku yara, ina gaishe ku, ina yi maku barka da zuwa. Na san hadari ya fara haɗuwa gabas, kowa hankalinshi na bisa shibka, saboda haka ba zan tsare ku har la'asar ba.

Abin da anka ce in yi shi ne in faɗi sakamako in koma in zamna. Amma tun jiya da labari ya fita, na ji magana tana yawo bakin kasuwa da ƙofar masallaci, wai alƙalan gasa sun raina magabata, sun bar Sarauniya da Ɗan Baskore sun ba mai ginar rijiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku kunka tara kuɗɗin kyaututtukan ga, ɗiyanku ne sunka yi rubutun, don haka hakkinku ne ku ji yadda munka yi da dalilin da ya sa munka yi haka.

YADDA ANKA YI GASAR

Bayan kaka, wurin taron ƙungiya, anka yanke shawara a yi ma yaran CM1 da CM2 gasar rubutu. Tambayar da na rubuta masu bisa tabulo ita ce kowa shi kawo labarin wani jarumi, shi faɗi abin da ya yi, shi kuma faɗi abin da ya sa ya kira shi jarumi. An ba su sati 2, an kuma ce wanda ya so shi rubuta da Faransanci, wanda ya so da Hausa.

Mu 3 munka yi alƙalanci: ni, da tsohon direktenmu da ya yi ritaya, da sakataren ƙungiya. Kafin takardu su zo hannunmu, wata malama ta naɗe gefen da suna yake ta liƙe, ta sa lamba, kamar yadda ake yi wurin jarrabawar gwamnati. Ba mu san ɗan wane ko ɗiyar wane muke karantawa ba sai da munka gama ba da maki. Wanga ita ce amsata ga masu cewa an yi son kai.

MASU TAKOBI DA MASHI

Fiye da rabin takardun bisa sarakuna da mayaƙa sunka yi magana. Wannan bai ba ni mamaki ba. Yaro in ya ɗaga kai ya dubi ƙofar manyan makarantunmu, sunayen da yake gani ke nan: lise Ɗan Baskore a Maraɗi, lise Amadu Kuran Daga a Damagaram, lise Sarauniya Mangu a Doso. Kuma sun cancanta. Bari in tuna mana kaɗan, don kada wani shi ce malamin lakwal bai san darajarsu ba.

Cikin shekara ta 1899 wata rundunar Faransa ta ratso ƙasar ga daga yamma zuwa gabas, tana neman tabkin Cadi, a ƙarƙashin kapitan biyu, Vule da Shanwan. Duk inda sunka bi sai toka da gawa. Cikin watan Afrilu sunka iso Lugu, ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi. Garuruwa da yawa sun riga sun buɗe masu ƙofa don tsoro. Sarauniya ta ƙi. Mutanenta sunka tare su da baka da kibiya, su kuwa da bindiga. An ƙone garin, ita da jama'arta sunka shige daji, amma ba ta durƙusa masu ba. Cikin watan Mayu sunka faɗa ma Birnin Kwanni, sunka yi kisan da har yau ba a manta ba. Daga nan sunka gangaro nan ƙasarmu ta Tasawa. Ran 14 ga watan Yuli sunka harbe Kolonel Kulob a Ɗankori, wanda gwamnatinsu ta aiko shi karɓe ragamar rundunar daga hannunsu. Cikin kwana 3 sojojinsu da kansu sunka kashe su duka biyu. Kabarinsu na nan Maijirgi, bakin hanyar Damagaram.

Ragowar rundunar ta ci gaba gabas. Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninshi anka kashe Kapitan Kazamaju a 1898, ya fito ya tare su a Tirmini. An ci shi da yaƙi, kuma cikin shekarar nan ta 1899 anka kashe shi. Daga baya, can ƙasar Abzin, Kawsan ya kewaye barikin Faransa a Agadas tun daga Disamba 1916 har Maris 1917, kafin a kawo sojoji da yawa a kore shi. Ya rasu a ƙasar Libiya a 1919.

To iyayena, ku duba abu guda. Cikin waɗanga ukun babu wanda ya ci nasara. An ƙone garin Sarauniya, an kashe Kuran Daga, an kori Kawsan. Duk da haka muna sa ma makarantu sunansu, muna tashi tsaye in an ambace su. Ashe ba cin nasara muke girmamawa ba. Abin da muke girmamawa shi ne sun ga abin da ya fi ƙarfinsu, hanyar tsira tana buɗe gabansu, sunka ƙi bin ta, saboda akwai mutane bayansu. Wanga ma'auni daga gare su munka ɗauko shi, kuma da shi munka auna kowace takarda: akwai haɗari na gaske? Mutum na iya janye jiki, ya ƙi? Don wasu ya tsaya, ko don kanshi?

ABIN DA YA KADA TAKARDUN

In haka ne, mi ya hana takardun Sarauniya su ci? Gaskiya ɗaci gare ta, amma sai na faɗe ta. Takardu da dama cikinsu da jimla guda sunka fara, da jimla guda sunka ƙare, har kuskure iri ɗaya. Wasu daga littafin tarihi anka kwafo su, wasu daga salular wani wa da ke lise. Akwai wadda Faransancinta ya fi nawa kyau. Da munka buɗe sunaye na kira mai ita gefe, na tambaye shi ina Lugu take, gabas da mu ko yamma. Ya dubi ƙasa, bai ce komi ba.

Ban faɗi haka don in kunyata yaro ko gidansu ba, kuma ba za ku ji suna daga bakina ba. Laifin farko nawa ne, da na bari anka tafi da takardu gida. Laifi na biyu ma namu ne, mu malamai. A ekol normal an koya mana yadda ake shirya redaksiyon da buɗewa da tsakiya da rufewa, mu ma haka muke koya ma yara. Sai yaro shi ɗauka rubutu shi ne jera manyan kalmomi da mushe ke so, ko da bai san abin da suke nufi ba. Wanda ya rubuta ma ƙanenshi ya yi ne don so, na sani. Amma kamar wanda ya ɗauki yaro bisa wuya ne ya ƙetare gulbi da shi: an kai gaɓa, yaro bai koyi iyo ba.

Akwai kuma wata takarda da ba kwafe ba ce, ta sa munka daɗe muna gardama mu 3. Yaron bisa Ɗan Baskore ya rubuta, Sarkin Katsina na Maraɗi a tsakiyar ƙarni na 19. Kun san gidan sarautar Maraɗi daga Birnin Katsina ya fito, bayan jihadi ya kore su a farkon ƙarnin, kuma sun yi shekaru suna yaƙi don su koma gadon iyayensu. Yaron ya ji labari daga bakin kakanshi, ya rubuta da zafi, ya jera garuruwan da anka ci, da dawakan da anka kamo, da bayin da anka koro. Na ba shi maki mai kyau. Amma na tambaye shi: cikin garuruwan nan da anka ƙone, su wa ke ciki? Ya yi shiru, sannan ya ce mata da yara, kamar na Kwanni. Na ce to, ka ƙara wannan cikin takardarka, za ta fi nauyi.

Ranka shi daɗe Maigari, ban faɗi haka don in rage ma wani sarki daraja ba. Amma kusan kowanenmu nan na da dangi Katsina ko Daura ko Kano. In munka zamna da su, za mu iske wanda muke kira gwarzo, kakanninsu mahari sunka san shi, kamar yadda namu kakannin sunka san mayaƙansu. Yaron da ya fahimci haka bai raina magabata ba. Ya san su ne a matsayin mutane, kuma shi ne gobe ba za a ruɗe shi da kirari a kai shi kashe maƙwabci ba.

TAKARDU UKU DA SUNKA CI

Ta uku, wani yaro ne na CM1. Kawunshi direba ne, ya roƙe shi ya kai shi Maijirgi ranar da ba lakwal. Ya ga kabarin Turawan nan biyu da idonshi. Abin da ya dame shi, ya ce, shi ne waɗanda sunka yi kisa an san sunansu da inda suke kwance, amma waɗanda anka kashe cikin ƙauyuka babu wanda ya iya faɗa mashi sunan ko guda. Sai ya ce jaruminshi shi ne duk wanda ya tsaya ƙofar gidanshi ranar nan don iyalinshi su samu su gudu, ko da ba a san sunanshi ba. Yaro ɗan shekara 11 ke nan.

Ta biyu, wani yaro ne ya rubuta bisa kakarshi, zamanin yunwar 1984 zuwa 1985, wadda muke kira El-Buhari, don lokacin ne gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina shigowa. Ruwa bai yi ba, gero ya ƙone a gona, maigida ya tafi cin rani babu labari. Ya faɗi yadda take fita tun asuba neman dilo, ƴaƴan anza, ta jiƙa shi kwana da kwanaki tana canza ruwa har ɗacin shi fita, don in an ci shi haka nan cuta yake yi. Amma ba nan zancen yake ba. Cikin ɗaki, ƙarƙashin gado, ta binne tulu cike da irin gero, ta shafe bakin da laka. Yara na kuka da dare, ita ma yunwa na cin ta, tana kwance bisa abinci, ba ta fasa tulun ba. Da ruwa ya sauka a 1985 tana da abin shibka, har ta ɗiba ta ba maƙwabta. Yaron ya tambaye ta wane dare ya fi wuya. Ta ce daren da autanta ya daina kuka don ƙarfi ya ƙare mashi, ta ɗauki taɓarya ta tsaya bisa tulun, sannan ta aje. Autan nan shi ne uban yaron da ya yi rubutun. Uwayena mata, na ga wasunku na share ido. Kun san ba ita kaɗai ba ce.

Ta farko, yarinya ce ta CM2, kuma ita ce tushen maganar da ke yawo. Bisa wani mai ginar rijiya ta rubuta, mutumin garin ga. Kowa ya san shi, amma ya roƙe ni kada in ambaci sunanshi, har ya ƙi zuwa taron. Waɗanda ke nan lokacin sun tuna ranar da ake yasar tsohuwar rijiyar bayan gari, wadda ba ta da siminti, bango ya zubo, rairayi ya rufe wanda ke ciki har ƙirji. Rijiyar ta fi gaba 20. Mutane sunka taru baki, kowa na salati, ƙasa na ci gaba da zuba kaɗan-kaɗan. Wanda ya san aikin ya san abu biyu: bangon da ya zube sau ɗaya shina iya sakewa, kuma can ƙasa iska na yin ƙaranci, shi ya sa masu gina ke zura fitila tukuna su ga ko za ta mutu. Mutumin ga ya fi kowa sanin haka. Shi ya ce a ɗaura mashi igiya. Ya sauka, bai yarda ya yi aiki da hauya ba don kada shi ji ma ɗan uwanshi ko shi girgiza bango. Da hannu da ƙwarya ya riƙa ɗibar rairayi shina zubawa cikin wasaki ana ja, tun hantsi har bayan azahar. Sai da anka fid da wancan sannan ya yarda a jawo shi.

Labarin ga duk mun san shi. Abin da yarinyar ta yi wanda babu wanda ya taɓa yi cikinmu shi ne ta tafi ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi ko ya ji tsoro. Ya ce mata hannunshi rawa yake har ya kasa ƙulla igiya, sai wani ya ƙulla mashi. Ta ce to mi ya sa ya sauka. Ya ce don shi ya kira wancan aikin, kuma bai san da wane baki zai faɗa ma matarshi ba. Da wannan ta rufe takardarta, ta ce da ta ɗauka jarumi shi ne wanda ba shi jin tsoro, yanzu ta san shi ne wanda tsoro bai hana ba.

Ku aza shi bisa ma'aunin da munka ɗauko daga Sarauniya. Haɗari na gaske akwai shi. Da ya tsaya baki shina salati kamar kowa, ba wanda zai zarge shi. Ba don kanshi ya sauka ba. Ba shi da makaɗi, ba shi da maroƙi, ba wanda ya taɓa yi mashi kirari. Mu a Hausa in muna son mu ce ƙarfin zuciya sai mu ce mazantaka, sai mu dubi mai doki da takobi. Yaran ga sun nuna mana ana samun ta ga tsohuwa mai tulu da talaka mai igiya. Ba mu sauke magabata ba, mun iske jikokinsu ne cikin garinmu.

MAGANAR HARSHE

Takardu biyu cikin ukun da Hausa anka rubuta su. Ni da Faransanci anka horar da ni, da shi nake cin abinci, kuma ba zan ce ma yaro shi sake shi ba, don da shi ake jarrabawa. Amma abin da na gani na gani: yaron da ke fama da jimla 5 cikin Faransanci, da anka sake shi da Hausa ya cika shafi 3. Sai dai ba a koya masu ƙa'idar rubutunta ba, suna rubuta ta da kunnen Faransanci, su sa "ou" inda "u" ta isa, su sa "tch" inda "c" take, ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Tun 1973 anka buɗe lakwal ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Bai kamata ɗanmu shi gama CM2 bai iya rubuta ma uwarshi wasiƙa daidai ba. Na yi alkawari, in Allah ya yarda, zan ware awa guda kowane sati da marece, ba da biya ba, ga duk yaron da ke so.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Na farko, kada gasar ga ta tsaya bana. A yi ta kowace shekara. Yara su yi tambaya gida, amma rubutun cikin aji za a yi shi, gaban malami.

Na biyu, iyayena dattawa, in yaro ya zo da kaye da bik shina tambaya, kada a kore shi a ce ya cika surutu. Da tsohuwar zuma ake magani. Waɗanda sunka ga 1899 sun tafi da sunayen mutanensu, shi ya sa yaron can bai samu ko guda ba. Waɗanda sunka ga yunwar 1973 da ta 1984 suna nan cikinmu, amma kowace shekara muna raka wasu makwanci.

Na uku, a buga takardun ga uku cikin wanga ɗan littafi namu, a kuma sayi babban rajista a kwafe duka sauran ciki, a aje wurin sakatare. Har da na Sarauniya da Ɗan Baskore, bayan masu su sun sake rubuta su da bakinsu.

Na huɗu shi ya fi damuna. Yarinyar da ta ci ta farko, da ƴan uwanta mata na CM2, in sun samu shiga sizyem sai sun bar gari, don ba mu da kwaleji nan. Kun san abin da ke faruwa: ba masauki, uba ba shi sakin ɗiyarshi gidan da bai sani ba, kuma ba za a ga laifinshi ba. Sai kaye shi koma ƙarƙashin gado. Ƙungiyar ga tana da ɗiyanta da ke zamne Tasawa da iyalinsu. Ina roƙo kafin a koma lakwal a watan Oktoba a samu gidaje na amana da za su riƙe su, ƙungiya ta taimaka da hatsi. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Zai zama abin kunya mu tafa ma yarinya yau, baɗi war haka mu iske ta aje bik.

Ku kuma yara, wanda ya ci kada shi yi girman kai, wanda bai ci ba kada shi yi fushi. Ku buɗe ido, ku yi tambaya, ku rubuta abin da kunka gani da abin da kunka ji, ko da kalmominku ƙanana ne. Yanzu sakatare zai kira sunaye, Maigari shi miƙa kyauta da hannunshi.

In na yi ma wani ba daidai ba cikin magana, shi gafarta mani, ƙuruciya ce. Allah shi jiƙan magabatanmu, waɗanda munka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Allah shi raya mana yaran ga, shi ba mu damana mai albarka, shi zaunar da ƙasarmu lafiya.